Karan Da Na Kwashe

Zuwa ga mahaifina, Baba, wanda ke kwance gabas da Turba, daga ɗansa Nomau. Gaisuwa da ban girma, da roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa haske a cikinsa.

Bayan gaisuwa, na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ni za ka kira in karanta maka, tunda ni ka sa makaranta, kai kuwa galma ka riƙe har ta fi ƙarfinka. Duk da haka za ni rubuta, don maganar ta yi shekara ashirin da bakwai tana cin cikina. Kwana uku ke nan ina fama da takardar. Hannuna ba ya barin in yi fiye da 'yan layuka sai in huta. Ina fara layi da baƙaƙe manya, kafin in kai ƙarshensa sun ƙanƙance kamar ƙwayar gero, ni da na rubuta ma sai na kai ido kusa.

Bari in fara da labarin gida, tunda kai ma da labari kake fara tare ni in na dawo daga tafiya, kafin ka bar ni in sha ruwa. Inna ta bi ka bayan shekara tara. Kulu matata ta tafi shekara biyu da suka wuce, zazzaɓin kwana huɗu. Yaron da ta haifa wata biyar bayan rasuwarka sunanka aka raɗa masa, muna kiran sa Maisuna. Ya zama namiji, ya fi ni tsawo, yana da mata, Hassi, da 'ya mai rarrafe. Shi ke bin jakuna yanzu zuwa Maraɗi, ya kai goro da yadi, ya dawo da kanwa da dabino, hanyar nan dai da ka hana ni ban hanu ba. Gonar fadama tana nan, bana dawa ta yi. Mota tana shigowa garin Isa ranar kasuwa, kuma duk inda mutum ya zauna hirar ɗaya ce, wai Turawa na shirin naɗe tabarmarsu su tafi. Ni ba ni da ta cewa a nan. Mutumin da ba ya iya fita zauren gidansa, ina ruwansa da wanda zai hau mulki?

Abin da na zo faɗa maka ke nan, Baba. Ciwonka ya kama ni.

Da babban yatsan hannun dama ya fara, shekara biyar da suka wuce, yana murza manuni shi kaɗai in ina zaune. Ka tuna yadda ake yabon ka a ƙofar masallaci, ana cewa ko babu tasbaha a hannunka kana ja? Kai ka san ba zikiri ba ne, amma ka bar su da yabonsu. Ni ma na bar su. Daga nan hannun ya daina lilo in ina tafiya. Taku ya gajarce, na koma jan takalmi a ƙasa. Fuska ta ɗaure, har jikata ke kuka in ta dube ni, alhali a cikina dariya nake yi mata. Murya ta shige ciki. In na yi sujada sai an ɗaga ni, don haka na koma salla a zaune. Wanda ya fi duka shi ne ƙofa. Da na iso bakin ƙofa, kowace iri ce, sai ƙafafu su kafe. Ina ce musu mu tafi, suna ta karkarwa wuri ɗaya. In kuma suka ga damar tashi, sai su tashi da sassarfa, kai a gaba jiki na bin sa, ba ni da ikon tsayawa sai na ci karo da bango ko na sha ƙasa. Goshina yana da tabo biyu yanzu, gwiwoyina kuwa ba sa warkewa.

Duk wannan na gan shi a jikinka da idona. Na gani, ban gaskata ba.

Ka tuna shekarar da aka tona bakin zaure? Tunda kullum nan kake kafewa, kowa ya ce wani abu aka binne ka tsallaka. Inna ta aika wajen Sabon Birni aka zo da boka, ya zuba ƙasa ya duba, ya ce abin yana ƙarƙashin dokin ƙofa, kuma jininka ne ya binne. Aka haƙa har ƙugu, aka sami guntun ƙahon rago. A gidan da nan bakin zauren ake yanka ragon layya tun zamanin kakanka! Amma wa ya tsaya tunanin wannan? Ido duk ya koma kan Baffa Jibo, ƙanenka, don kun taɓa sa-in-sa kan iyakar gona. Boka ya ci kazarsa, ya bar doka: kada ka ƙara tsallake komai, ko da tsinke ne, a riƙa share tsakar gida fes. Aka mayar da ƙasa cikin ramin sama-sama, damina ta zo wurin ya lotsa.

Kwana bakwai ka bi dokar, kwana bakwai ba ka ga waje ba. A na takwas ka sa aka kawo maka karan dawa, ka kakkarya, ka jera su gicciye daga ƙofar ɗakinka har zaure, kara ɗaya taku ɗaya. Kana duban su kana tsallakewa, sai ga ka a ƙofar gida. Inna ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa abin da aka hana ka shi ka mai da sana'a. Ban manta amsarka ba: "Ku bar mani karana. Su ka gwada ma ƙahwata inda za ta sabka."

Ni kuwa ban yarda da boka ba, ban yarda da kai ba. Ina ganin kaina wayayye, na ƙetare iyaka zuwa ƙasar Faransi, su Maraɗi, na dawo, na ga duniya. Rani biyu na zauna gida saboda kai, ina ɗaga ka ina kwantar da kai, tsarana suna tafiya suna dawowa da sabon rawani da labarai. Jakunana suna ƙiba a turke, ni ina ramewa da haushi. Ban faɗa ba, amma na san kana gani.

Sai ranar gayyar Sarkin Noma. Kai ka nace a kai ka, muka ɗora ka a jaki, muka zaunar da kai a inuwa ka yi kallo. Tanko makaɗi ya saɓa gangar noma ya fara, ya hango ka, ya juyo kiɗan kanka yana kiran kirarinka na samartaka. Ina tsaye kusa da kai. Ba wanda ya taɓa ka, ka miƙe. Ka karɓi galma a hannun wani, ka shiga gona kana ƙetare kunyoyi, taku ɗaya kunya ɗaya, ƙirji a buɗe, ka kama layi ka huɗe shi har bakin iyaka. Mata suka yi ta guɗa. Tsofaffi suna share hawaye. Da la'asar muka dawo gida, kana isowa bakin zaure ka kafe, yawu na zuba, sai da na goya ka na shigar da kai. Baba, kana bayana a ranar, hannunka na rawa a wuyana, ni kuwa ina jin ƙinka a zuciyata. Na ce wa kaina wannan tsoho lafiyarsa lau, ɗaure ni yake so ya yi a gida, tunda dama bai taɓa son fatauci ba. Na haɗiye maganar na ajiye ta har kaka.

Yanzu na zo inda ban taɓa kai kowa ba.

Safiyar da za ni tafi, na gama ɗaure mangaloli, jakuna suna waje. Inna da Kulu sun tafi rijiya. Na shigo in yi maka sallama, na same ka zaune bakin gado, ka ce in dakata, za ka raka ni zaure kamar yadda ka saba, ka yi mini addu'a. Kana ta laluben wani abu ƙarƙashin tabarma, hannun ya ƙi kamawa. Ayari na jira na a bakin gari. Raina ya ɓaci. Na ce maka, kuma ina jin muryata har yau: "Baba, ƙahwad da tab bi ganga da damana ta san hanyaz zaure. Ka daina wahal da mutane." Na fita, na sunkuya, na bi karan nan ɗaya bayan ɗaya na kwashe su tas, na jefa su bayan darni. Ban waiwaya ba. Na ji ka kira sunana sau ɗaya, da 'yar muryar nan taka, na yi kamar ban ji ba.

Wata huɗu na yi. A hanyar dawowa, cikin kasuwar Sabon Birni, wani mai sayar da igiya ya kama hannuna yana yi mini gaisuwar rashi, yana tsammanin na sani. A bakinsa na ji mutuwarka, ina riƙe da ragamar jaki.

Inna ta ba ni sauran. Da suka dawo daga rijiya suka same ka kife a bakin zaure, daidai inda ramin nan ya lotsa, ƙashin ƙugu ya karye. Ka biyo ni ke nan. Ƙafafun sun tashi da kai babu kara, suka kwashe ka da gudu, ba abin da zai tsai da kai. Hannunka a dunƙule, da ƙyar aka buɗe shi, aka ga laya ce ta tafiya, wadda ka sa aka ɗinka mini. Ka yi kwana hamsin da wani abu a kwance, bayanka ya yi gyambo, kullum kana tambaya ko an ji labarin ayari. Inna ta ce ta tambaye ka ina karan suka tafi, ka ce: "Awaki sunka cinye su."

Don me ka faɗi haka, Baba? Kwana hamsin kana da baki, mutane suna shigowa suna fita. Kalma ɗaya ta isa. Don me ka rufa mini asiri, ni da na bar ka a ƙasa? Da ka tsine mini, da na san abin da nake ɗauke da shi. Inna ta sa aka sayar da awakin nan duka uku don haushi, ina tsaye ina kallo aka ja su.

Ba awaki kaɗai suka ɗauki laifina ba. Tunda a kan ramin ka faɗi, gari ya gama yanke hukunci, abin da aka binne ne ya ƙarasa aikinsa. Baffa Jibo ya dafa Alƙur'ani a gaban dattawa, ba wanda ya saurare shi. Aka daina amsa sallamarsa, aka daina cin abincin gidansa. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya koma Kurawa. Ranar da zai tashi ya zo ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya dube ni, yana jiran ko ɗan ɗan'uwansa zai ce wani abu. Na sunkuyar da kai. Can ya mutu, ban je ba. 'Ya'yansa in mun haɗu a kasuwar Isa hanya suke sakewa. Ni kuwa a Turba ni ne ɗa na gari, mai gyara kabarin ubansa duk shekara, mai yi masa sadakar fura duk Juma'a. Da ni ake yi wa yara misali.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ai ban sani ba, wataƙila ma da gaske kana ƙara wa ciwon gishiri. Wannan 'yar mafakar ita ma an rushe mini ita ranin da ya wuce. Alu, abokin fataucina, ya matsa sai mun je asibiti a Sakkwato, muka bar Maisuna da gida muka hau mota. Likitan Bature ne, da wani malamin asibiti Bazazzagi da ke yi mana tafinta. Ya kama wuyan hannuna yana lanƙwasawa yana miƙewa. Ya sa na tsaya, ya zagaya bayana, ya ɗan fizgi kafaɗuna, sai na tafi da baya gaba ɗaya kamar icen da aka sare, malamin ya tare ni. Ya ce in yi tafiya zuwa ƙofa, na kafe. Sai ya ɗauko alli, ya durƙusa, shi da farin wandonsa, ya ja layuka gicciye a kan daɓe, layi ɗaya taku ɗaya. Ya ce in tsallake.

Baba, karanka ne. Tazarar ma iri ɗaya. Na tsallake su duka har ƙofa, na wuce ta, sa'an nan na zauna a ƙasa na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ranar da na ga kabarinka. Suka ɗauka murna ce.

Da na natsu na sa malamin ya tambayar mini shi, ko mai irin wannan ciwo yana iya tashi ya bi ganga da rana, da yamma ya kasa shiga ɗakinsa. Likitan ya ce ƙwarai kuwa, halin ciwon ke nan, kuma a ƙasarsu ma an sha zargin masu shi da ƙarya. Ya ce tafiya iri biyu ce a jikin mutum. Akwai wadda ke yin kanta, mutum na hira ƙafafunsa na aiki, in ya yi tuntuɓe ƙafa ta kai kanta inda za ta tare shi tun bai yi tunani ba. Akwai kuma wadda ido ko kunne ke ja, taku bayan taku. Ta farkon, in ji shi, wani ɗan wuri baƙi ne can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke riƙe da ita, kuma a masu ciwona wurin dusashewa yake yi. Ya ce ba da daɗewa ba wasu likitocin suka fara zaton wani ruwa ne ake samu a wajen, shi ke tayar da taku, shi ke riƙe mutum kada ya faɗi, in ya ƙafe sai ƙafa ta rasa mai ce mata tashi. Na sa malamin ya maimaita mini sunan ruwan sau uku, dofamin. Ya ce su ma ba su gama tabbatarwa ba, kuma ba wanda ya san yadda ake mayar da shi. Ni da jakuna na fahimci maganar: akwai jakin da ya san hanyar gida, akwai wanda sai an ja shi da igiya. Namu na farkon ya mutu, Baba, na biyun ya rage mana, ganga da kara su ne igiyarsa. Kai ka gano haka kai kaɗai a tsakar gidanka, ba alli ba Turanci, ni kuma na zo na tsinke maka igiyar.

Ya ƙara wata magana da ban tambaye shi ba. Ya ce ƙofa da wuri matsattse suna tayar da ciwon, amma ba abin da ke tayar da shi kamar gaggawa da tashin hankali. Gaggawar me kake yi a safiyar nan, in ba ta ka cim mini ba?

Ya ba ni ƙwayoyi. Suna busar da baki, suna ɗan rage rawar hannu, ƙafafu kuwa ko gezau. Sun ma ƙare tuni. Na tambaye shi ko ana gadon ciwon, ya ce galibi a'a, amma akan samu gidan da yake bi. Tun ranar, in Maisuna ya zauna kusa da ni, ba fuskarsa nake kallo ba, babban yatsansa nake kallo.

Da na dawo na jera kara a tsakar gida, a kan sawun naka. Na gaya wa Maisuna duk abin da likita ya ce. Ya saurara da ladabi, sa'an nan ya ce: "Baba, Nasara bai san ciwon ƙasag ga ba." Ban ja da shi ba.

Sai daminar bana aka yi gayya. Tanko ya rasu, ɗansa ke riƙe da gangar. Na san abin da zai faru in na je, na kuma je. Kiɗan na tashi na ji shi a tafin ƙafata, ban san sanda na miƙe ba. Wallahi, Baba, tun da ciwon nan ya kama ni ban ji daɗi irin na ranar ba. Ƙasa tana zuwa daidai ƙafata, iska na shiga rigata, na koma mutum. Ashe abin da ka ji ke nan, ni ina gefe ina ƙulla maka sharri. Da na kai bakin iyaka na juyo, cikin masu ihu na hango Maisuna tsaye, shi kaɗai ba ya dariya. Na san wannan fuska. Na taɓa zama a cikinta.

Tun rasuwar uwarsa bai yi tafiya mai nisa ba, Maraɗi kawai ya je ya juyo cikin 'yan kwanaki, a bar ni da maƙwabta. Bana ya ce har garin Tawa za shi, sai ruwan farko ya sauka zai dawo. Kuma tsohuwar maganar ta sake tashi, surukarsa ta zo ta ga karan ta riƙe baki, ta ce ai tsallake ne ke ƙara ciwon ƙafa, kowa ya sani. Kwana huɗu da suka wuce ya shigo da safe ya durƙusa ya gaishe ni. Yaron ya fi ni tarbiyya, bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Ka gwada kwana bakwai babu su, Baba, mu gani. Ka sa ƙarhi kaɗan, na gan ka da idona ran gayya." Ya fita ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune ina kallon bayansa a sunkuye. Me za ni ce masa?

Ranar na tashi za ni bayan gida, na kafe a ƙofar ɗakina tun hantsi har rana ta take tsaka. Shi ya tafi kasuwa sayen igiya. Abin da nake riƙewa ya ƙwace mini a tsaye, ya bi ƙafata. Hassi tana madafa, ta gani. Ka san surukuta, ba ta iya zuwa kusa da ni, balle ta taɓa ni, ko sunana ba ta iya kira. Ta juya mini baya, ta jawo turmi ta hau daka, don in ɗauka ba ta gani ba. Ina jin kukanta tsakanin bugun taɓarya. Bugun nan ne ya saki ƙafafuna, na bi shi taku taku na koma ciki. Ban sani ba ko ta lura. Amma turmi ba ya ɗaga wanda ya faɗi, kuma a gidan nan hannu ɗaya ne ya halatta ya ɗaga ni, shi ne ke ɗaure mangala yanzu.

Tsoro nake ji, Baba. Ba na mutuwa ba, ita na san tana tafe. Tsoron kwana hamsin ɗin nan nake ji, a kwance, ƙuda na bin gyambo, ina tambayar labarin ayari. Tsoro nake ji in mutu yaron yana ganin maƙaryaci ne ubansa. Wanda ya fi duka, tsoro nake ji wani mai igiya ya kama hannunsa a kasuwa, ya dawo ya ɗauki kayan da na ɗauka, ya yi shekara ashirin da bakwai yana gyara kabari.

Na roƙe shi da ciwona, bai gaskata ba. Na kawo masa maganar likita, bai gaskata ba. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne abin da ke cikin takardar nan. In ya karanta zai san sunan wa yake ɗauke da shi, da wanda ya kayar da mai sunan. Gari zai sani. 'Ya'yan Baffa Jibo za su sani, kuma haƙƙinsu ne su sani, in na rayu sai an ɗora ni a jaki an kai ni Kurawa na durƙusa musu. Zai zauna don tausayi? Ko zai dube ni ya ce abin da na yi ne ya dawo mini, ya kaɗa jakunansa? Ban sani ba. Ban ma sani ba ko tuba ce ta sa ni rubutun nan ko tsoron faɗuwa. Da ciwon bai kama ni ba, da na taɓa faɗa? Ka ga irin ɗan da ka haifa.

Layar tana nan. Ban taɓa rataya ta ba, ban ga na cancanta ba, tana ƙarƙashin tabarmata kamar yadda ka ajiye ta ƙarƙashin taka. Yau na laluba na ciro ta, hannun ya ƙi kamawa sai da na sa duka biyu. Za ni kai masa ita tare da takardar. In ya karanta ya ce zai tafi, to ya tafi da layarka a wuyansa da albarkata a bayansa, ba za ni ɗaure shi ba. Amma ba zai tafi a makance kamar yadda na tafi ba.

Ka yafe mini, Baba. Na san ka riga ka yafe tun ranar da ka ɗora wa awaki, amma ban taɓa roƙo da bakina ba. Ka yafe mini maganar da na faɗa maka. Ka yafe mini kiran da ka yi na ƙi waiwayowa. In ana haɗuwa a inda kuke, ka gaya wa Baffa ni ne.

Rana ta fito. Maisuna ya shigo tun ɗazu ya yi mini sallama, na kasa ce masa komai ban da Allah Ya kiyaye hanya, takardar ba ta ƙare ba, ni ma ƙarfin halina bai taru ba. Yanzu yana ƙofar gida, ina jin yana ja wa jakin ƙarshe majanyi. In na kira shi ba zai ji ba, muryata ba ta wuce tsakar gida. Na zare kara daga gadona na kakkarya, guda bakwai na samu. Daga nan zuwa zaure taku goma sha huɗu ne, ka fi ni sani. Za ni riƙa jefa su gabana ɗaya ɗaya har su ƙare. Sauran bakwai ɗin, Hassi ta fara daka, kuma yau a hankali take bugawa, ba yadda ta saba ba. Ramin nan har yanzu yana ɗan lotse.

Za ni naɗe takardar in haɗa ta da layar in dunƙule hannu. In na isa, zai karanta. In ban isa ba, za su buɗe hannuna su same ta, sauran maganar kuma in kawo maka da bakina.

Sai mun sadu, Baba. Allah Ya jiƙan ka.

Ni ne ɗanka Nomau, wanda ya kwashe karan.